Karatun Albarkatun Ƙasa da Kula da Muhalli a Jami'a: Tambayoyin Ɗalibai da Iyaye a Kebbi

Duk shekara idan lokacin cike fom na JAMB ya zo, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a bakin ɗalibai da iyayensu, daga Birnin Kebbi zuwa Jega, Argungu, Yawuri da Zuru. Kowa likitanci ko injiniyanci ko lauya yake nema wa ɗansa. Sai maki ya gaza sannan a fara tambayar su gandun daji da kifi da jogirafi, shi ma cikin sanyin jiki. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, tare da amsoshinsu.

Malam, wai me ake koyo a fannin nan? Ba dashen itace da kwashe shara ba ne?

Suna ciki, amma ɗan ɓangare ne. Abin da ake koyo shi ne yadda za a auna abin da ƙasa ke da shi, wato ruwa, ƙasar noma, daji, kifi, ciyawar kiwo da ma'adinai, a san nawa ne, nawa ake ɗiba, nawa ke mayar da kansa, kuma wa ke da haƙƙi a kai. Wanda ya karanta shi da kyau zai iya gaya maka ko rijiyar burtsatsen unguwarku ruwanta na shayuwa, ko gonar da ta daina ba da amfani taki take so ko gishiri ne ya taso mata, ko kuma hanyar da za a yi za ta tare wa ruwa mafita.

Ba kwas ɗaya ba ne. Akwai ilimin gandun daji da namun dawa, ilimin kifi da kiwonsa, kimiyyar ƙasar noma, jogirafi, jiyoloji mai nazarin duwatsu da ma'adinai da ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai kuma kwas ɗin kula da muhalli kansa a jami'o'in da ke da shi. Masu karanta kimistiri da bayoloji ma da yawansu nan suke ƙarewa a binciken ƙarshe.

A ina zan iya karantawa ba tare da na yi nisa da gida ba?

A cikin jihar akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da tsangayar aikin gona da sashen gandun daji da kifi. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana Kalgo. Akwai kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda ta samo asali daga tsohuwar kwalejin aikin gona ta garin, ta zama jami'a a 2020. A maƙwabta akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda ta girme su duka tun da 1975 aka kafa ta, kuma malamai da yawa na jami'o'in Kebbi nan suka yi karatu. Gusau ma tana da jami'ar tarayya tun 2013.

Kada a manta da New Bussa ta jihar Neja, a bakin tafkin Kainji. Can ne cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take, da kwalejin tarayya ta fasahar kifi, da ta kula da namun dawa. Ɗan Yawuri ko Ngaski da ke son harkar kifi zai iya yin difloma a can, daga baya ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Kwasa-kwasai suna canzawa, ana buɗe sababbi ana haɗe wasu. Kafin ka cike fom duba kundin JAMB na shekarar, sannan ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a jami'ar da ka zaɓa.

Waɗanne darussa ake nema, kuma shekara nawa ake yi?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. Ga gandun daji, kifi da ƙasar noma ana son Kimistiri da Bayoloji ko Aikin Gona. Jiyoloji yana son Fiziks da Kimistiri. Kwasa-kwasan tsangayar aikin gona shekara 5 ne, saboda akwai shekarar da ake kashewa a gona da daji. Jogirafi da jiyoloji shekara 4.

Ni ba ajin kimiyya na yi a sakandare ba. Shi ke nan ba ni da rabo?

Kana da shi ta ƙofar jogirafi, wadda a jami'o'i da yawa take karɓar masu Tattalin Arziki da makamantansa. Kuma rabin matsalar muhalli ba ta ɗakin gwaji ba ce. Rikicin burtali tsakanin manomi da makiyayi, rabon fadama, diyyar filin da aka karɓa a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, duk suna buƙatar mai ilimin zamantakewa da mai shari'a.

Me Kebbi take da shi da har za a yi ta bincike a kai?

Ruwa, kafin komai. Kogin Neja ta Kebbi yake shigowa Nijeriya, ta wajen Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo. Gulbin da ya haɗo ruwan Rima da na Sakkwato yana ratsa Argungu da Birnin Kebbi, na Zamfara da na Ka su ma su zubo, duk su tarar da Neja. Shimfiɗaɗɗiyar fadamar da suka yi ita ce ta sa aka zaɓi Birnin Kebbi wajen ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015, ita ce kuma ta jawo manyan injinan casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi.

Sai dai ruwan nan ba a Kebbi ake yanke hukuncinsa ba. Madatsar Bakolori ta Talata Mafara, wadda aka gama a 1978, da ta Goronyo a kan Rima, su ke riƙe ruwan su sake shi. Binciken da aka yi bayan gina Bakolori ya nuna ambaliyar shekara-shekara da fadamar ƙasa da ita ta dogara a kai ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a ƙauyukan da ba wanda ya tambaye su komai lokacin da ake zana madatsar. A ɗaya gefen kuma, ranar da ruwan ya yi yawa, mu ne a ƙasa. A 2010 ambaliyar Rima ta yanke hanyar shiga jami'ar Sakkwato ta kuma mamaye ƙauyukan Kebbi. A 2020 ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa ana dab da girbi, manoman da suka ci bashi suka tashi ba amfani ba kuɗin biya.

Ga wani abin da ɗalibi ya kamata ya sani. Neja sau biyu yake cika a wajen Yawuri. Akwai farin ruwa mai laka na damina, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu, wanda ya faɗi tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa dausayin Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso garau. Masunci da mai noman rani duk sun san lokutan nan biyu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutaccen awo na shekara da shekaru a kowane gari: ranar da ruwa ya fara hawa, inda ya tsaya, ranar da ya janye. Ɗalibin da ya kafa sanda mai awo a bakin gulbin garinsu, yana rubutawa kullum har damina biyu, ya yi aikin da ya fi tarin furojet ɗin da ake kwafowa.

Ƙarƙashin ƙasa ma labari biyu ne. Arewaci da yammacin jihar suna kan kwarin Sakkwato mai yashi da ke riƙe ruwa, har akwai shimfiɗar da masana suka raɗa wa sunan Gwandu, wadda a wasu wurare in an huda ta ruwan da kansa yake tasowa. Wajen Zuru da sassan Yawuri kuwa dutse ne a ƙasa, sai an yi awo an sami tsaga, in ba haka ba a haƙa burtsatse a tashi a banza. Yanzu da famfon sola ya fara maye gurbin injin fetur a fadama, ruwa ake ja daga safe har yamma tunda rana ba ta kuɗi ba ce. Nawa ruwan ƙasa ke sauka a watan Afrilu, kuma yana komawa daidai bayan damina? Wannan tambaya ce da ta isa digiri na uku.

Ana ta maganar gubar dalma ta Zamfara. Me ya faru, kuma me ya haɗa ta da karatun nan?

A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, 'Yargalma da Abare. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, magani ya ƙi ci. Da aka auna jini sai aka ga dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai kuma suka tsira da gubar a jikinsu.

Dutsen zinarin yankin yana haɗe da dalma mai yawa. Da farashin zinari ya tashi, sai mutane suka riƙa kawo dutsen cikin gida, a fasa da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasar da yaro mai rarrafe ke wasa yana sa hannu a baki. A wasu wuraren awon dalma a cikin ƙasa ya haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara 400 ne. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka da aka zo da ita iyakarta 65, yara da yawa kuwa sun wuce abin da take iya karantawa.

Darasin da ke nan ga ɗalibin muhalli shi ne, likita shi kaɗai bai iya magance abin ba. In an ba yaro maganin da ke fitar da dalma aka mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin banza aka yi. Dole sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da lunguna, aka binne ta a rami na musamman, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai 2013 aka share ta saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Kada ɗan Kebbi ya ce wannan matsalar Zamfara ce. Ana haƙar zinari a yankin Yawuri, Ngaski da Fakai. Ko inda dutsen ba shi da dalma, akwai zaiba da ake cuɗawa da garin dutse don ta kama zinarin, sannan a ƙona ta a kan garwashi, hayaƙin ya shiga huhun mai ƙonawa, ragowar ta bi ruwan wanki zuwa rafi, ta taru a jikin kifi. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba, amma yarjejeniya ba ta auna ruwan rafi. Hana haƙa ma an gwada: gwamnatin tarayya ta haramta shi a Zamfara a 2019, ta ɗage a ƙarshen 2024. A ganina binciken da ya fi amfani shi ne wanda zai nuna wa mai haƙa yadda zai niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, ya yi aikin nesa da gida, ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Mu Kabawa mun gaji kamun kifi kaka da kakanni. Me jami'a za ta koya mana game da kifi?

Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya jami'a ce ya kamata ta fara zama ta saurara. Abin da littattafai ke kira keɓe wuri da rufe lokacin kamu, Argungu ta daɗe tana yi. Ana hana kamu a gulbin Matan Fada har sai ranar bikin kamun kifi, Sarkin Ruwa da mutanensa ke tsare dokar, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman da mutum ɗaya ba ya ɗagawa, da homa da gora kawai. Bikin a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Abin da karatu ke ƙarawa shi ne lissafi. A tafkin Kainji, wanda madatsar 1968 ta haifar bayan an tashi mutane sama da 40,000, masunta sun yi yawa, idon raga yana ƙara ƙanƙancewa, ana kwashe kifi tun bai yi ƙwai ba. Wasu kuma har maganin ƙwari suke zubawa a ruwa. Mai ilimin kifi zai tsaya a bakin ruwa da sikeli da ma'auni, ya auna tsawon abin da kwale-kwale ya kawo, ya buɗe ciki ya ga ko ya kai haihuwa, daga nan ya ce raga mai ido kaza ce ta dace, wata kaza ya kamata a huta. Sai kuma ƙyanƙyasar tarwaɗa, haɗa abincinta, da ƙyafe kifi a murhun da ba ya cin itace da yawa. Waɗannan sana'o'i ne da mutum zai ci abinci da su ko bai sami aikin gwamnati ba.

Shekara nawa ana dashen itace, ga hamada ba ta tsaya ba. Ina amfanin masu digirin gandun daji?

Zargin yana da tushe. Kowace damina ana bikin dashe, manya su zo da rawani da babbar riga, a ɗauki hoto, a tafi. Zuwa watan Maris awaki da rana sun gama da shukar. Ana ƙirga abin da aka dasa, ba a ƙirga abin da ya rayu. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka kafa wa hukuma a Nijeriya a 2015. Suna kuma cikin jihohin arewa 19 na shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700. Kuɗi suna shigowa ke nan. Wanda zai koma bayan shekara uku ya ƙirga rayayyun itatuwa, ya faɗi gaskiya a rubuce, shi ne ake nema.

Tsallaken iyaka akwai abin koyi. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona. Sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, su sare sauran, su bar shi ya girma a kan tsohon saiwar da ta riga ta kai ga ruwa. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, ba gandun reno, ba ban ruwa. Gawo ne sarki a wannan aiki, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau. Kalgo da sabara ma suna tohowa haka. Abin da ya sa ya yi aiki a can shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara don ya sassabe reshe ba. Wannan ɓangaren na doka da mallaka shi ne ɗalibanmu suka fi tsallakewa.

Ga kuma gawayi. Ƙirya da marke suna ƙarewa a kudancin jihar saboda buhunan da ake lodawa zuwa birane, kuma muddin iskar gas ta fi ƙarfin talaka, wa'azi ba zai hana ba.

Malam, 'yata ce ke so. Karatun daji ya dace da 'ya mace?

Ya dace, Alhaji. Fita fili a rukuni ake yi tare da malamai, kuma babban ɓangaren aikin a ɗakin gwaji ne da gaban kwamfuta. Bayan haka akwai inda namiji ba ya shiga. A Zamfara cikin gidaje aka yi dakan dutsen, kuma mata ne ke tsakar gida da yara. Tambayar itacen girki nawa ake ƙonawa, ina ake ɗebo ruwa, yaya ake sarrafa kaɗanya da ɗorawa, mace ce za ta shiga ta zauna a tabarma a gaya mata gaskiya. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar ma'aikata sun san haka.

Yaya batun tsaro wajen fita daji?

Ba abin wasa ba ne. Akwai dazuzzukan Zamfara da sassan kudancin Kebbi da na bakin iyaka waɗanda ba malamin da zai tura ɗalibi a yanzu, kuma ba digirin da ya kai rai. Ka zaɓi wurin da kake da 'yan'uwa ko masu masauki. Ka fara kai gaisuwa wurin hakimi ko mai gari da takardar sashenku, ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka dawo kafin la'asar. Kada ka riƙa ɗaga na'urar GPS ko ɗaukar hoto a wurin haƙar zinari ba izini. Inda ƙafa ba ta zuwa, hoton tauraron ɗan'adam yana zuwa.

An ce ɗakunan gwajinmu ba kayan aiki. To da me za a yi binciken?

Wani lokaci haka ne. Na'urar auna dalma da sauran ƙarafa a ruwa ko ƙasa tana da tsada, wani wuri akwai ta ba wuta, wani wuri ta lalace, sai ɗalibi ya ɗauki samfurinsa zuwa Sakkwato ko Zariya ya biya kuɗin kowane gwaji. Ka yi wannan lissafin tun kafin ka amince da maudu'i.

Amma abubuwa da yawa yanzu kyauta ne. Hotunan Landsat sun faro tun 1972, kowa na iya saukewa, ka ga yadda dajin garinku yake kafin a haife ka. Na Sentinel-2, tun 2015, suna nuna fili mai faɗin mita 10, sun isa a zana iyakar ambaliya gona-gona. Manhajar QGIS ta zana taswira ba a biya. KoboToolbox tana mayar da wayarka takardar tambayoyi mai ɗaukar wurin da kake tsaye. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, hukumar nazarin ruwa ta NIHSA kuma na ambaliya. Da tef na awo, da igiya, da sikeli, da littafin rubutu, ana yin bincike mai kyau a kan itatuwa da kifi da zaizayar ƙasa.

Yaya zan zaɓi maudu'in furojet?

Ƙanƙanta shi. “Illar sauyin yanayi ga noma a Nijeriya” ba maudu'i ba ne, ba kuma wanda zai iya gama shi a zango ɗaya. Amma “albasa nawa ke ruɓewa a rumbunan ajiya na Aliero tsakanin girbi da damina, kuma wane irin rumbu ya fi riƙe ta” maudu'i ne. Haka “ina burtalin da ke taswirar da ya bi, kuma mita nawa ya rage a yau”. Haka “ɓarnar dorina a gonakin bakin ruwa na Yawuri: wane wata, wane amfani”. Haka ciyawar kachala da ke toshe magudanan fadama ta zama masaukin jan-baki. Tambayar da za ka iya zuwa da ƙafarka ka auna, ka kuma bayyana wa kakarka da Hausa ta gane.

Sannan maganar da ba a so a yi. Akwai masu zama a ɗaki su cike takardun tambayoyi ɗari da hannunsu, akwai shagunan da ke sayar da furojet da aka canza wa sunan gari. A wannan fanni abin ya wuce satar jarrabawa, domin wata rana wani zai ɗauki lambar da ka ƙirƙira ya ce ruwan rijiyar nan lafiya lau yake. Samfuri ashirin na gaskiya sun fi ɗari biyu na ƙarya.

Ina zan yi zaman koyon aiki na SIWES?

Inda za a ba ka aiki, ba inda za a sa maka hannu a littafi kawai ba. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, hukumar raya aikin gona ta Kebbi wato KARDA, ma'aikatar muhalli, hukumar ruwa, cibiyar kifi ta New Bussa, ko ma kamfanin haƙa burtsatse mai zaman kansa. Wata shida kana riƙe wayar awon ruwan ƙasa a rana, kana kallon yadda ake karanta sakamakon, sun fi wata shida a ofis mai sanyi kana sayo wa oga abinci.

In na gama, akwai aiki?

Ba zan yi maka alkawari ba. Guraben gwamnati kaɗan ne: ma'aikatun muhalli da gona da ruwa, hukumar tilasta dokokin muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007, hukumar gandun namun daji, hukumar agajin gaggawa ta NEMA da takwarorinta na jiha, cibiyoyin bincike, koyarwa. Masu neman su sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Inda ƙofa ta fi buɗewa shi ne ayyukan da doka ko mai ba da rance ya tilasta a duba muhalli. Tun bayan sharar guba da aka jibge a Koko a 1988, Kokon jihar Delta ta yanzu ba tamu ta hanyar Yawuri ba, Nijeriya ta fara ɗaukar dokar muhalli da gaske. Dokar 1992 ta wajabta tantance illar duk babban aiki kafin a fara shi, hanya ce ko madatsa ko masana'anta ko ma'adinai. Kamfanonin da ke rubuta waɗannan rahotanni suna buƙatar mai ɗebo samfuri, mai zana taswira, da mai jin Hausa da Fulatanci ko Dakarci ko Zabarmanci da zai zauna da jama'a. Ayyukan Bankin Duniya ma kowanne yana da jami'in muhalli da na zamantakewa.

Abin da na lura shi ne, takardar ba ita ake saya ba. Mutum biyu za su fito aji ɗaya, ɗaya yana iya zana taswirar ambaliya ya rubuta rahoto mai tsabta da Turanci, ɗayan sai haddar ma'anoni. Na farkon ba ya daɗewa a zaune. Ka fito da sana'a ɗaya a hannu: taswira, awon ruwan ƙasa, ƙyanƙyasar kifi, renon itatuwan dashe, ko gwajin ƙasa. Wanda ya yi jiyoloji kuma ya nemi rajistar hukumar COMEG mai kula da masana duwatsu da injiniyoyin ma'adinai.

Digiri na biyu da na uku fa? Wa ke biya?

Sakkwato ce mafi kusa mai tsofaffin sassa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Jami'ar fasaha ta Minna tana da shirin WASCAL kan sauyin yanayi da Jamus ke tallafawa. Jami'ar Ahmadu Bello tana cikin jami'o'i 6 na shirin SPESSE, mai horarwa kan ƙa'idojin muhalli da zamantakewa, har da gajerun kwasa-kwasai ga ma'aikata.

Kuɗin TETFund na ƙaro karatu na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ba na kowa ba. Asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF yana ɗaukar wasu fannonin jiyoloji da muhalli. Ga masu digirin farko akwai rancen NELFUND da aka fara a 2024, da tallafin hukumar ba da sukolashif ta jiha. Kafin ka zaɓi jami'a ka zaɓi malamin da zai duba ka. Karanta abin da ya wallafa, ka tambayi ɗalibansa na baya shekara nawa suka yi kafin su fita.

Duk binciken nan ba a kan kanta yake ƙarewa yana shan ƙura ba?

Mafi yawansa can yake ƙarewa, kuma laifin a rabe yake. Hukumomi ba su saba tambayar jami'a ba kafin su yanke shawara. Malamai kuma ƙarin girmansu yana rataye da yawan maƙalun da suka buga, ba da abin da ya canza a ƙauye ba, shi ya sa mujallun da ke buga komai in an biya suke ciniki.

Akwai ɓangaren da ke hannun ɗalibi. Mutanen da suka ba ka ruwan rijiyarsu ka auna, suka bar aikinsu suka amsa maka tambayoyi, suna da haƙƙin jin sakamako. Ka rubuta shafi ɗaya da Hausa, ka kai wa mai gari da limami da malamin asibiti. In ruwan yana da matsala ka faɗa, ka kai kwafi sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Gidajen rediyon jiha suna da shirye-shiryen manoma, kuma sukan yi maraba da mai magana da hujja.

Likitanci na nema aka ba ni gandun daji. In karɓa ko in jira baɗi?

In zuciyarka tana kan likitanci kuma makinka ya kusa, sake zama jarrabawar ba laifi ba ne. In kuwa ka riga ka yi shekara biyu kana jira, karɓi wannan. Darussan aji ɗaya kusan iri ɗaya ne ga duk 'yan kimiyya, kuma wasu jami'o'in suna barin mai maki mai kyau ya canza sashe bayan shekarar farko, don haka tambayi ƙa'idar taku tun ranar rajista. Kafin nan ka je gandun renon itatuwa na sashen da kududdufin kifinsu, ka yi magana da 'yan aji huɗu da suka dawo daga shekarar fili, sannan ka yanke shawara.